Kalmar OK: daga ina ta fito, kuma yabo ce ko kushe?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Watana uku ke nan da fara aiki a wani ofis. Na shafe kwana huɗu ina haɗa rahoto, na kai wa ogana, ya duba, ya ɗago kai ya ce 'It's okay', bai ƙara ko uffan ba. Tun ranar abin ke cina a rai: yabo ne ko bai gamsu ba ne? Sannan wata ƙawata ta ce wai asalin OK daga fagen yaƙi ne, sojoji ke rubuta '0 killed' idan an dawo ba a kashe kowa ba. Gaskiya ne? Kuma wanne ne daidai a rubuce, OK ko okay?"

Barka kadai, Malama, Allah ya sa albarka a sabon aiki. Tambaya uku kika haɗa a ƙunshi ɗaya, kuma na lura wadda ta hana ki barci ita ce ta oga. Ki yi mini haƙuri in ajiye ta zuwa ƙarshe, domin sai kin san halin kalmar nan tun daga haihuwarta za ki gane abin da ya sa take da wuyar kamawa.

Maganar ƙawarki ce mai sauƙin sallama. Labarin yana da daɗin ji, ni ma na sha jin sa a bakin ɗalibai, har da malamai 'yan'uwana. Lissafin shekaru ne ya kayar da shi. Masu ba da shi yawanci suna jingina shi ga yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, wasu ma su ja shi har yaƙin duniya. Ita kuwa kalmar an riga an buga ta a jarida tun 1839, shekara 22 kafin a harba harsashin farko na wancan yaƙin basasa. Ba a haihuwar ɗa kafin uwarsa. Ki gaya wa ƙawar taki cikin lalama.

Ainihin labarin ba shi da jarumta ko kaɗan. Wasa ne, wasan ma na sakarci.

A wajajen 1838 wani yayi ya ɓarke tsakanin 'yan boko da 'yan jaridar birnin Boston a Amurka: taƙaita magana zuwa haruffan farko. Mutum zai rubuta N.G. yana nufin "no go", wato abin ba zai yiwu ba. S.P. na nufin "small potatoes", ƙananan dankali, abin da mu za mu kira ƙaramin alhaki. G.T. na nufin "gone to Texas", ana faɗar sa ga wanda bashi ya yi wa katutu ya tsere. Da yayin ya yi nisa sai masu son burgewa suka ƙara masa gishiri: su fara ɓata rubutun kalmar da gangan, kamar wanda bai je makaranta ba, sannan su taƙaita ɓataccen. "No use", ba amfani, ya koma "know yuse", aka mayar da shi K.Y. "All right" ya koma "oll wright", ya zama O.W. Dariyar tana nan ne: sai wanda ya iya rubutun daidai zai gane an karkata shi.

Ranar Asabar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga wani ɗan rubutu na zolaya, tana tsokanar takwararta ta garin Providence. Editan jaridar shi ne Charles Gordon Greene, kuma shi ake kyautata zaton ya rubuta. A tsakiyar wata doguwar jimla sai ga "o.k." da ƙananan haruffa, nan take kuma marubucin ya biyo ta da fassara, "all correct", komai daidai. Biyo ta da fassarar nan hujja ce babba. Da kalmar sananniya ce a lokacin, da bai ga buƙatar bayyana ta ba.

Za ki ce ai "all" da A yake farawa, "correct" kuma da C. Nan ne Bahaushe ya fi Bature saurin ganewa. Ki kira ƙaninki ɗan firamare wanda ya iya rubutun boko na Hausa amma Turancinsa bai nuna ba, ki ce masa ya rubuta abin da ya ji. "Ol korek" zai rubuta miki, domin mu abin da kunne ya ji shi hannu ke rubutawa, kuma C a wurinmu ta "ciki" da "cokali" ce. Abin da yaron nan zai yi bisa gaskiyarsa, shi 'yan Boston suka yi don shaƙiyanci: "oll korrect". Ga O, ga K.

Kada ki yi wa mutanen nan dariya da yawa, ki fara duba wayarki. Wa ke rubuta "slm", "ykk", "lfy lau", "ngd"? Wa ke rubuta "xan xo" alhali ya san sarai da Z ake rubutawa? Na daɗe ina faɗa da ɗalibaina kan wannan X ɗin, har ranar da na zauna na tuna cewa kalmar Turancin da ta fi kowace yawo a duniya irin haihuwar da aka yi mata ke nan. Ban daina jan layi da jan biro ba, amma na rage huci.

Abin tambaya shi ne me ya sa ita kaɗai ta rayu. K.Y. ta mutu, O.W. ta mutu, duk sa'o'inta sun bi yayin da ya kawo su. Da an bar OK da halinta, da ita ma ta bi su. Siyasa ce ta tsamo ta.

Shekara ɗaya bayan haihuwarta, 1840, shekarar zaɓe ce a Amurka. Shugaba mai ci, Martin Van Buren, na takwas a jerin shugabanninsu, yana neman zarcewa. Haifaffen wani ƙaramin gari ne a jihar Niyok mai suna Kinderhook, don haka ake yi masa laƙabi da "Old Kinderhook", kamar dai a ce Dattijon Kinderhook. Ki dubi haruffan farko. Faɗuwa ta zo daidai da zama. A watan Maris na shekarar magoya bayansa a birnin Niyok suka kafa ƙungiya suka sa mata suna O.K. Club, suna jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: sunan gwaninsu ne, kuma ga ma'anar "komai daidai" da ta fara yawo a jaridu.

'Yan adawa ba su bar musu ba. Ƙasar na cikin matsin tattalin arzikin da ya faro tun 1837, bankuna sun durƙushe, mutane sun rasa aiki. Sai suka shiga lanƙwasa haruffan yadda zai yi zafi: "Out of Kash", kuɗi sun ƙare, "Out of Kredit", ba mai ba shi bashi, "Orful Kalamity", mummunar annoba. Wata jaridar Niyok ta ƙirƙiro labarin cewa tsohon shugaba Andrew Jackson, ubangidan Van Buren a siyasa, bai iya rubutu ba ne, shi ya sa yake sa O.K. a kan takardu yana zaton haka ake taƙaita "all correct". Sharrin siyasa ne kawai, amma ya kama, har an yi shekaru da dama mutane na ɗaukar sa tarihi. Ki lura da abin da ya faru: masu yabo na ihun OK, masu zagi na ihun OK, kowace jarida daga wannan gari zuwa wancan tana buga ta. Van Buren ya sha mummunan kaye, ƙuri'un wakilan zaɓe 60 ya samu, abokin karawarsa William Henry Harrison ya kwashe 234. Shi ma Harrison ɗin wata guda kacal ya yi a kan mulki ya rasu. A cikin su ukun, haruffan nan biyu ne suka ci ribar zaɓen.

Bayan siyasa sai aiki ya karɓe ta, kuma a ganina wannan ne ya kafa ta da gindinta. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙon tangaraho daga Washintan zuwa Baltimo, cikin 'yan shekaru wayoyi suka ratsa ƙasar, suna bin layin dogo. A tangaraho kowace kalma kuɗi ce, kowane harafi kuma sai an ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ma'aikacin da ke wancan ƙarshen yana buƙatar gajeriyar hanyar cewa "na karɓa, ya iso lafiya". Haruffa biyu suka wadatar. Akawu a kamfani yana buƙatar alamar da zai sa a gefen takardar kaya don nuna an duba ba matsala. Haruffa biyu suka wadatar. Daga nan ta tashi daga abin dariya ta zama kayan aiki, kamar hatimi.

Wanda ya tono mana duk wannan shi ne Allen Walker Read, malamin Turanci a Jami'ar Kolombiya da ke Niyok, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 2002. Ya bi tsofaffin jaridu shafi-shafi, a zamanin da babu kwamfutar da za ta nemo maka kalma, ya fitar da sakamakonsa a jerin maƙalu a mujallar American Speech a 1963 da 1964. Abin da ke burge ni da shi bai wuce wannan ba: tun a 1941 ya riga ya wallafa cewa daga ƙungiyar Van Buren kalmar ta samo asali. Da ya ci karo da shafin 1839, wanda ya girmi ƙungiyar da shekara guda, sai ya warware maganarsa da kansa a bainar jama'a. Ba kowane farfesa ke iya haɗiye wannan ba.

Abin da ya yi albarka ba ya rasa dangi, kuma OK ta yi dangi har sun yi mata yawa. Girkawa sun ce tasu ce, daga "ola kala", komai lafiya. Mutanen Sikotilan sun ce "och aye" ɗinsu ce. Masu Faransanci sun ce daga tashar jiragen ruwa ta Aux Cayes ce a Haiti, wadda ake furtawa kusan "oke", wai matuƙa jirgi ke yabon barasar da ake ɗaukowa can. Akwai masu cewa haruffan sunan wani mai gasa biskit ne, ko wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Duk labarin iri ɗaya ne: an ga sauti ya yi kama, sai aka ɗinka masa riga daga baya. Kamannin sauti kuwa ba ya tabbatar da zumunci. Da yana tabbatarwa, da mun ce "sun" ta Turanci da "sun" ta "sun tafi" uwarsu ɗaya.

Biyu daga cikin da'awowin nan sun cancanci a saurare su da mutunci. Ta farko ta al'ummar Choctaw ce, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka. A harshensu akwai wata kalma, "okeh", da ake rufe zance da ita da ma'anar "haka yake". Wannan da'awa ta yi ƙarfi ƙwarai a farkon ƙarni na 20, har shugaba Woodrow Wilson, wanda ya yi mulki daga 1913 zuwa 1921, yakan rubuta "okeh" a kan takardun da ya amince da su, don a ganinsa shi ne rubutun asali. Ta biyu ta fi kusa da gida. A wajajen 1970 masanin harsunan Afirka David Dalby ya kawo ra'ayin cewa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka tafi da ita, ya nuna "waaw kay" na Wolof a Senigal da "o ke" na Mandinka, duka da ma'anar amincewa. Na san zuciya na son wannan ta zama gaskiya, tawa ma haka. Kuma gaskiya ne cewa maganar bayi ba ta cika shiga takarda ba, don haka rashin ganin abu a rubuce ba ya nufin ba a taɓa faɗarsa ba. Sai dai a wannan fanni da sawu ake bin ɓarawo. Sawun Boston a fili yake: ga ranar, ga shafin, ga fassarar a gefensa, ga 'yan'uwanta irin su O.W. da K.Y. da aka ƙera da maƙera ɗaya, ga yadda ta bazu daga jarida zuwa jarida wata bayan wata. Sauran ba su da irin wannan sarƙa. Abin da zan iya yarda da shi shi ne, mutumin da ya riga ya saba jin irin wannan sauti a harshen uwarsa zai fi saurin karɓar OK idan ta iso shi.

Wannan ma wani sirrin yaɗuwarta ne. O, K, E: da wuya ki sami harshen da ba shi da sautukan nan ko makusantansu. Ba ta da "th" mai sa harshe tsakanin haƙora, ba ta da P da ke rikiɗe mana ta koma F. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba za ta ce "oke" ba tare da tuntuɓe ba. Kuma mayar da haruffa kalma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun ji Turawa na cewa N.A. suka mayar da ita En'e, suka ji D.O. suka ce Di'o, har aka manta haruffa ne. Haka OK ta zama "okay" a Turancin kansa: an rubuta sunayen haruffan ne yadda ake furta su.

Daga nan tafiyarta ba ta tsaya ba, zan taƙaita. A 1961, lokacin da Alan Shepard ya zama Ba'amurke na farko da ya je sararin samaniya, kakakin hukumar NASA ya yaɗa "A-OK", wato lafiya ƙalau ba ko ƙwarzane. Ranar 20 ga Yuli, 1969, da kumbon Apollo 11 ya dira a kan wata, cikin kalmomin farko da aka furta akwai na Buzz Aldrin: "Okay, engine stop." Injiniyoyin kamfanin Apple sun ba da labarin cewa lokacin da suke gwada kwamfutarsu Lisa, wadda ta fito a 1983, maɓallin amincewa "Do It" aka rubuta masa. Wani mai gwaji ya ƙi danna shi, ransa a ɓace, ashe "Dolt" yake karantawa, wato daƙiƙi, yana mamakin me ya sa na'ura ke zaginsa. Aka canza shi zuwa OK. Yau ki je wurin mai gyaran waya ko mai POS, "danna oke" za ki ji. Hatta shafin intanet idan ya buɗe lafiya, amsar da na'urar can ke aiko wa wayarki a ɓoye ita ce "200 OK".

To, mu dawo kan ma'ana, inda damuwarki take.

A nahawu kalmar nan ba ta da kunya, kowane gurbi shiga take. Sifa ce a "the food is OK". Bayanau ce a "she did OK". Suna ce a "we got the OK", mun sami izini. Aikatau ce a "the manager okayed it", manaja ya sa hannu. Sannan ga aikinta mafi yawa, na riƙe zance: buɗe shi, juya shi, rufe shi. A wannan aiki na ƙarshe ba ki buƙatar ƙamus, domin muna da tagwaininta a Hausa, wato "to". Ki saurari kanki na yini ɗaya. Akwai "to" ta na ji na yarda. Akwai "to" ta malami idan zai shiga sabon babi: "To, mu buɗe shafi na goma." Akwai "to?" ta ina jin ki, sai aka yi yaya. Akwai doguwar "tooo" ta mamaki da shakka, wadda ake yi idan labari ya fara wari. Akwai gajeriyar "to" mai kaifi da uwa ke yi idan ta gaji da gardamar ɗa, wadda ke nufin je ka yi, za ka gani. Akwai "to, sai an jima" ta ajiye waya. Kowace ɗaya a cikin waɗannan, OK na yin ta a Turanci, kuma kamar "to", ba haruffan ke ɗauke da saƙon ba, murya ce.

Inda suka rabu shi ne OK tana auna abu, "to" ba ta aunawa. Kuma a nan ne kalmar ta yi wani abin mamaki. An haife ta da ma'anar komai daidai, ɗari bisa ɗari. Da tafiya ta yi tafiya sai ta sauko ta zauna a tsakiya. Yau idan Bature ya ci abinci aka tambaye shi ya ce "it was OK", mai girkin ba za ta ji daɗi ba. Nufinsa ba laifi, da dama, ba yabo ba fallasa. Ya ci jarrabawa amma ba a kira sunansa ranar rabon kyauta ba. Dalilin saukowar yana cikin aikin da aka ba ta tun zamanin tangaraho da takardun kaya: alama ce ta an duba ba a ga matsala ba. Mai duba buhu ba yabon buhu ya zo yi ba, cewa kawai yake ya wuce. Turanci na da kalmomin yabo birjik, na kushe ma haka, amma yana ƙarancin kalmar da za ta ce "ya isa" ba tare da ta ɗaga ko ta sauke ba. Wannan gurbin OK ta cike. Shi ya sa a Turancin Ingila da Amurka ba a cika cewa "very OK" ba, kamar yadda ba ma cewa abu ya yi matsakaici ƙwarai da gaske.

Amma ogan naki ba a Landan yake ba, kuma Turancin Najeriya ya ba kalmar nan wasu launuka nasa. A nan za ki ji an ce "very okay", ana nufin ya yi kyau sosai. Tela zai ɗaga riga ya ce "this one is okay", yana nufin ta yi. Ki miƙa kofi ana zuba miki shayi, idan ya kai inda kike so ki ce "it's okay", wato ya isa haka. Masu rabon faɗa ma ita suke faɗa, "it's okay, it's okay", a bari haka nan. A kudu har kayan gwanjo ana ce wa OK, amma wannan taƙaita Okrika ce, sunan wani gari a jihar Ribas, ba ruwanta da Boston.

Wanda ya fi haɗari shi ne "Are you okay?" Na taɓa shiga wani kanti a Ingila da wani abokin tafiyata, muna tsaye muna duba takalma, sai wata yarinya mai aiki a wurin ta matso da murmushi ta ce masa, "Are you OK there?" Na ga fuskarsa ta canza. Ya juyo ya ce mini da Hausa, "Me na yi mata? Ta ga alamar taɓin hankali a jikina ne?" Da ƙyar na shawo kansa cewa tambayarsa take ko yana buƙatar taimako, irin "me za a ba ka, Alhaji?" na 'yan kasuwarmu. Shi kuma bai yi laifi ba, domin a titin Legas ko Abuja idan direba ya leƙo ta taga ya ce maka "Are you okay?", ba lafiyarka yake tambaya ba, cewa yake anya kanka ɗaya. Haka kuma ki kiyaye da "I'm OK, thanks" idan an yi wa Bature tayin abu. A'a yake nufi, ya ƙoshi. Na ga mai masauki ta ji "OK" ta ƙaro tuwo.

Ko alamar hannun da ake yi mata, a haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, ba ko'ina take nufin alheri ba. Masu ninƙaya a ƙarƙashin teku da ita suke cewa lafiya, amma a Barazil zagi ce.

Batun rubutu ba shi da wahala. OK da okay duka daidai ne, kuma OK ce babbar yaya, saɓanin yadda mutane da yawa ke zato cewa okay ce cikakkiya aka taƙaita ta. O.K. mai ɗigo-ɗigo tsohon yayi ne, yana nan amma yana ja da baya. Kamfanin dillancin labarai na AP ya tsaya a kan OK a ƙa'idar rubutunsa, marubuta labaran hikaya da yawa kuma sun fi son okay don ta fi kama da kalma a cikin zance. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe ta daga farkon takarda zuwa ƙarshe. Ƙaramin "ok" na hira a waya ne. A rahoton ofis, takardar neman aiki, ko insha'in jarrabawar WAEC, ki bar ta gaba ɗaya. Har yanzu da ɗan ƙanshin wasan da aka haife ta a ciki, kuma kusan kullum akwai kalmar da ta fi ta faɗin abin da kike nufi: "satisfactory" idan ya gamsar, "acceptable" idan ya karɓu, "approved" idan an amince.

"K" ita kaɗai kuwa, ki yi nesa da ita sai tsakaninki da ƙawaye. Mutum ya zauna ya rubuto miki layi goma, ki mayar masa da harafi ɗaya, daidai yake da a yi miki sallama ki ɗaga gira. Idan oga ya turo umarni, "Noted, sir" ko "All right, sir, I will do that" sun fi. Idan Baba ne ya turo saƙo da Hausa, ba OK ba ce amsarsa, "To, Baba, in sha Allahu" ce.

Saura rahotonki. Ban ji muryarsa ba, ke kika ji, don haka ki tuna yadda ta fita. Idan ya faɗe ta a dunƙule, murya ta sauka, ya ajiye takardar a gefen da yake ajiye abin da ya gama da shi, ya jawo wani fayil, to rahoton ya wuce, kuma a bakin manyan ma'aikata da yawa na ƙasar nan iyakar yabon ke nan. Akwai ogan da zai shekara goma bai ce "excellent" ba, ba don mugunta ba, haka aka rene shi a aiki: rashin gyara shi ne yabo. Idan kuwa ya ja ta, "it's okaaay", muryar ta ɗan tashi a ƙarshe kamar akwai "amma" da ta maƙale a maƙogwaro, yana ta jujjuya shafi, to akwai abin da ya gani bai faɗa ba. Alama mafi ƙarfi ba a bakinsa take ba: ya dawo miki da shi da jan biro, ko ya tura shi sama yadda yake? Idan ya tura, ya sa sunansa a kan aikinki ke nan, kuma ba mai yin haka da abin da zai ba shi kunya.

In har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, gobe idan kin kai masa wata takarda, ki tsaya daga bakin tebur ki ce, "Sir, is there anything I should improve in that report?" Kada ki tambaye shi ko ya yi kyau, domin amsar da za ki samu ita ce "it's okay".